Kare kai a gaban shari'a: wa zai auna, kuma ina za a kai kuka?



Kowace shekara idan kaka ta yi a ƙasar Kance, gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa kuwa ba a gama kwashe su ba, sai dabbobin da suka yi damina a arewa su fara gangarowa kudu. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona tun daga Ishirnawa har Ɗan Barto a kan hanyar Daura, fadamun Dungu da na Matamai kuma cike da rake da kayan lambu. Saura ta yi wuya, burtali ya ƙuntata. Mahukunta kan tsai da ranar sakin gonaki, sarakuna kan sa a yi shela, limamai kan yi wa'azi, galibi kuma Allah kan sa a rabu lafiya. Amma wata shekara akan wayi gari a ji mutum biyu sun gamu a bakin gona, ɗaya da sanda ko takobi, ɗaya da lauje ko gatari. Ɗaya ya koma gida da rauni, ɗaya kuwa gawarsa aka ɗauko. Wanda ya rayu, manomi ne ko makiyayi, magana guda yake faɗa wa jandarma: kaina na kare.

Daga wannan rana ransa ya koma hannun shari'a. Abin da nake so mu duba a yau shi ne wannan: doka ta yarda mutum ya kare kansa, amma ta sa wa kariyar iyaka, iyakar nan kuwa mutane ne ke auna ta. Saboda haka ya zama wajibi mu kula da waɗanda ake zaunarwa su yi awon, da yadda ake zaɓo su, da kuma ƙofar da aka bar wa wanda yake ganin an tauye masa mudu.

Abin da doka ta tanada

Kundin hukunta laifuka na ƙasarmu an kafa shi ran 15 ga Yuli 1961, kundin tsarin shari'ar laifuka kuma ran 14 ga Agusta na wannan shekara. Aya ta 43 ta kundin farko ta ce babu laifi a kan mutum idan abin da ya aikata tilas ce ta sa shi, domin ya kare kansa ko ya kare wani daga haɗarin da ke kansa a daidai wannan lokaci. Aya ta 44 ta kawo misali biyu: wanda ya tunkuɗe mai haura katanga ko mai fasa ƙofar gidan da mutane ke ciki da dare, da wanda ya kare kansa daga masu sata ko masu wasoso da ƙarfi.

Masana shari'a sun fitar da sharuɗɗa daga cikin waɗannan ayoyi. Na ɗaya, harin ya kasance na zalunci. Wanda jandarma ya zo kamawa da izinin hukuma ba shi da ikon ya zare wuƙa ya ce kansa yake karewa. Na biyu, harin ya kasance yana gudana ko yana gab da aukuwa. Wanda aka mara da safe ya je gida ya wasa adda ya dawo da la'asar, wannan fansa ya ɗauka. Na uku, ya kasance tilas ce ta sa. Na huɗu, martani ya yi daidai da girman hari. Ba a rama jifa da tsakuwa da harbin bindiga, ba a kuma kashe mutum saboda akuyarsa ta ci zangarniya.

Akwai kuma wata ƙofa ta tsakiya wadda yawancin mutane ba su san da ita ba. Kundin 1961 ya ce idan duka mai tsanani ko wani mugun cin zarafi ne ya tunzura mutum har ya yi rauni ko kisa, to laifi yana nan, amma ana sassauta hukunci ƙwarai. Ke nan ƙofa uku ce a gaban kotu: ta wanke mutum sarai, ta same shi da laifi mai sassauci, ko ta ɗora masa cikakken hukuncin kisan kai. Tsakanin ƙofar farko da ta ƙarshe akwai rayuwar mutum ɗungum. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da sanin wannan babi na tunkuɗe mai kawo hari, sun kuma ce a fara da gargaɗi idan hali ya yi, a bi mafi sauƙin hanya kafin mafi tsanani. Doka da addini bakinsu ɗaya a nan: ran wanda ya kawo hari ma rai ne.

Shari'ar manomin Adamawa

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A maƙwabciyarmu Nijeriya an yi wata shari'a wadda ya kamata kowane manomi da kowane makiyayi na ƙasar Kance ya ji labarinta.

A shekarar 2015, a yankin Numan na jihar Adamawa, wani saurayi manomi mai suna Sunday Jackson ya gamu da wani makiyayi a daji, makiyayin ya rasa ransa. Babu wanda ya ga faɗan da idonsa. A faɗar Jackson, makiyayin ne ya far masa da wuƙa, ya ji masa rauni a ƙeya da ƙafa, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi da ita a wuya. A watan Fabrairu 2021 babbar kotun jiha a Yola ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Hujjarta ita ce, tun da wuƙa ta dawo hannunsa, haɗari ya kau, yana da damar gudu, sukan da ya yi har sau uku kuwa ya wuce abin da kare kai ke bukata. Ya ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2022. Ya sake ɗaukakawa zuwa Kotun Ƙoli a Abuja, ran 7 ga Maris 2025 alƙalai huɗu daga cikin biyar suka ce hukunci ya yi daidai. Ta biyar ɗin, Mai shari'a Helen Ogunwumiju, ta saɓa musu, ta ce kansa ya kare, a sake shi. A ƙarshe gwamnan jihar, Ahmadu Umaru Fintiri, ya yi masa afuwa a watan Disamba 2025, bayan ya shafe shekara goma a tsare.

Ba nufina in yi wa alƙalan wata ƙasa gyara ba, ban kuma manta cewa akwai gidan da aka yi wa rashi ba. Abin lura shi ne, manyan alƙalai masu ilimi ɗaya, da kundi ɗaya a gabansu, sun karanta takardu ɗaya, amma suka rabu biyu. Ba a kan ayar doka suka rabu ba. Sun rabu a kan abin da ya faru cikin ɗan lokacin da bai wuce a sha ruwa a ajiye kwarya ba: shin mutumin da aka sara a ƙafa yana iya gudu? Shin wanda ya ƙwace wuƙa daga hannun abokin kokawa ya tsira ke nan, ko kuwa abokin na iya sake ƙwacewa? Shin mai jini a ido yana ƙidaya suka? Amsar waɗannan tambayoyi tana wurin sanin rayuwa, sanin daji da gona da yadda faɗa yake. A Nijeriya kuwa alƙali ɗaya ne ke zama a shari'ar farko, babu talakawa a gefensa da za su sa baki cikin awon.

Masu taya alƙali

A nan ne tsarin da muka gada ya zo da wata hikima. Kundin 1961 ya ɗora shari'ar manyan laifuka a kan kotun da ƴan lakwal suka sani da suna kur dasiz, inda alƙalan gwamnati ke zama tare da waɗansu ƴan ƙasa da ba aikinsu ne shari'a ba. Da Faransanci ana ce musu jure. Mu ce musu masu taya alƙali. Ana fitar da su da ƙuri'a daga cikin jerin sunaye, su yi rantsuwa, su saurari shaidu, su shiga ɗaki tare da alƙalai a yanke hukunci. Dalilin zamansu shi ne abin da karin magana ya faɗa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Alƙali ya san kundi, su kuma sun san mutane.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a kotunanmu. Tun dokar 16 ga Maris 1962, idan ana shari'ar gona ko gado ko aure bisa al'ada, alƙali kan zauna da mashawarta waɗanda suka san al'adar masu shari'ar. Idan ƙasa ta yarda cewa alƙali na bukatar masanin al'ada kafin ya raba iyakar gona, yaya za a ce ba ya bukatar masanin rayuwar karkara sa'ad da zai auna abin da ya faru a bakin wannan gona har aka rasa rai?

Sai dai hikimar tana lalacewa idan zaɓen ya karkata. Dokar Faransa, wadda aka yanko tamu a kan ƙirarta, ta shar'anta cewa mai taya alƙali ya iya karatu da rubutu da Faransanci. A Faransa wannan sharaɗi bai hana kowa ba sai kaɗan. A ƙasar da ake rubuta takardun shari'a da Faransanci alhali yawancin jama'a da Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci ko Barbarci ko Buzanci suke rayuwa, sharaɗin harshe shi kaɗai ya isa ya tace mutane, ya bar ma'aikata da ƴan fansho da mazauna birni. Mutanen kirki ne, ba shakka. Amma wanda ya yi shekara talatin a ofis a Damagaram, anya ya san nisan da ke tsakanin gonar daji da gida na farko da za a ji ihu? Ya san abin da ke zuciyar yaron da aka ba amanar shanun dangi ya ga mutum biyar sun kewaye shi da sanduna? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Faransa kanta ta gane wannan illa. Da can kwamiti ne ke tsara jerin sunaye, jerin kuma ya cika da masu hali da dattawan gari. A 1978 aka sake doka, aka koma fitar da sunaye da ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe, domin kafinta da manomi da mai shara su sami shiga. Tun 2012, a shari'ar kisan kai, mutum 6 ne ke zama tare da alƙalai 3, idan an ɗaukaka ƙara kuma mutum 9. A zaman farko wanda ake tuhuma yana da ikon ya ƙi mutum 4, mai gabatar da ƙara ya ƙi 3, ba tare da an tambaye su dalili ba.

Shi wannan ikon ƙin mutum ma ana iya juya shi ya zama makamin zalunci, Amurka ce shaida. A can, a jihar Misisipi, an tuhumi wani baƙar fata mai suna Curtis Flowers da kashe mutum huɗu a wani kanti a 1996. Shi bai yi da'awar kare kai ba, cewa ya yi ba shi ya aikata ba. Sau shida ana yi masa shari'a a kan wannan tuhuma, mai gabatar da ƙara kuwa mutum guda ne, Bature. Da aka ƙidaya, sai aka tarar a cikin shari'un nan shida ya kori 41 daga cikin baƙaƙen fata 42 da ya sami damar kora daga kujerar masu taya alƙali. Tun 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta hana korar mutum saboda launin fatarsa, a shari'ar da aka sani da sunan Batson. A watan Yuni 2019 kotun ta soke hukuncin kisan da aka yi wa Flowers, alƙalai 7 suka rinjayi 2, a 2020 kuma aka janye tuhumar gaba ɗaya, bayan ya yi fiye da shekara 20 a gidan kaso. Kotun ba ta tsaya a kan ko ya aikata ko bai aikata ba. Ta ce tun daga zaɓen masu saurare aka ɓata shari'ar, abin da aka gina a kai kuwa ba ya tsayawa.

Mu ba mu da matsalar launin fata irin tasu, amma muna da tamu. Mu ɗauka makiyayi ne ake tuhuma, waɗanda aka zaunar kuwa duk masu gona ne. Ko mu ɗauka manomi ne, waɗanda aka zaunar duk masu dukiyar shanu ne. Ko mace ce ta kare kanta daga mai neman keta mata haddi, aka zaunar da maza zalla. Ko da hukuncin ya zo daidai, dangin wanda aka kayar ba za su yarda ba, hukuncin da jama'a ba su yarda da shi ba kuwa ba ya kashe wutar gaba.

Na san abin da wani zai ce: idan aka kawo mutanen karkara, kowa zai goyi bayan nasa. Wannan tsoro yana da tushe. Ba mu manta da Toda ba, a jahar Maraɗi, inda a watan Oktoba 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, galibinsu mata da yara. Ranar nan an ga abin da ke faruwa idan taron jama'a ya mai da kansa alƙali. Amma masu taya alƙali ba taron gayya ba ne. Da ƙuri'a ake fitar da su, ana cire dangi da duk wanda ke da hannu a maganar, suna rantsuwa, alƙalan gwamnati na zaune tare da su, kowane ɓangare kuma yana da ikon ƙin wanda bai amince da shi ba. Maganin son kai shi ne a faɗaɗa jerin sunaye ya haɗa manomi da makiyayi, namiji da mace, na gari da na ƙauye, har babu wani rukuni da zai ce an yi shari'arsa a bayan idonsa.

Kalma ɗaya a bakin tafinta

Aikina fassara ne, saboda haka bari in faɗi wani abu da na sani a cikin sana'ata. Bahaushe idan yana ba da labarin faɗa yakan ce: ya sare ni, na rama. Kalmar nan rama tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai ramawar nan take, hannu ya kai hannu ya mayar, wadda take iya zama kare kai. Akwai kuma ramuwar gayya, wadda aka kwana ana shiryawa. Faransanci ya raba su, kowace da kalmarta, kuma a gaban kotu tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin saki da ɗaurin rai da rai. Idan mai rubuta bayani a ofishin jandarma ya ɗauki kalmar fansa ya sa a inda mai magana ke nufin martani, mai magana kuma ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, to ya sa hannu a kan abin da bai faɗa ba. Takardar nan za ta bi shi wurin alƙali mai bincike, ta bi shi zauren shari'a, ta bi shi har kotun ɗaukaka ƙara. Inda babu shaidar gani da ido, kamar a shari'ar Adamawa, bayanin farko shi ne ginshiƙin shari'a duka.

Doka ta ba wanda bai ji harshen kotu ba haƙƙin a sa masa tafinta mai rantsuwa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan dama ce da bai kamata ta wuce kotuna ba. Ya dace a zauna a tsai da kalmomin shari'a da Hausa da sauran harsunanmu, a horar da tafintoci, a kuma karanta wa mutum bayaninsa da harshensa, jimla bayan jimla, kafin ya dangwala. Mai taya alƙali da ya ji maganar wanda ake tuhuma kai tsaye, ba ta bakin wani ba, shi ne zai fara gane inda fassara ta kauce.

Ɗaukaka ƙara haƙƙi ne

Da yawa daga cikin mutanenmu suna ɗaukar ɗaukaka ƙara tamkar rashin kunya ga alƙali, ko jayayya da hukuma, ko ƙin yarda da ƙaddara. Wannan kuskure ne. Doka ce da kanta ta buɗe ƙofar, don ta san alƙali ɗan Adam ne. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan aikin alƙalanci ma ta yi horo da a sake duba hukunci idan gaskiya ta bayyana daga baya. Ƙasarmu kuma tun 1986 ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙoƙin ɗan ƙasa, wadda ta ce duk wanda aka sama da laifi yana da haƙƙin wata kotu ta sama ta sake duba laifin da hukuncin.

A tsohon tsari akwai wani abin mamaki. Wanda aka ɗaure wata shida saboda satar akuya yana iya ɗaukaka ƙara a sake sauraren maganarsa tun daga tushe. Wanda kur dasiz ta yanke wa kisa kuwa ba shi da wannan dama; abin da ya rage masa shi ne ya kai kuka kotun ƙoli a Yamai, ita kuma ba ta sake sauraren shaidu, duba take ko an bi ƙa'ida. Hujjar da ake bayarwa ita ce jama'a ce ta yi hukunci ta bakin masu taya alƙali, babu mai gyara maganar jama'a. Faransa ta bar wannan hujja da dokar 15 ga Yuni 2000. A nan gida kuma gyare-gyaren da aka yi wa dokokin shari'a a 2018 da 2019 sun sauke kur dasiz, suka mai da shari'ar manyan laifuka ga wani sashe na musamman a manyan kotunan jahohi, tare da damar ɗaukaka ƙara. Ga mutumin Kance, kotun ɗaukaka ƙara tana Damagaram. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo.

To, ya kamata a rarrabe hanya biyu. Ta farko ita ce ɗaukaka ƙara, inda ake sake buɗe magana duka: mutum ya ce ba a auna raunin da ke jikina ba, ba a saurari wanda ya ji ihuna ba, an juya mini magana wurin fassara, ko kuwa ko da na wuce iyaka, tunzura ni aka yi, sassauci ya kamace ni. Ta biyu ita ce neman soke hukunci a kotun ƙoli, inda ake cewa an taka ƙa'ida: kotun ba ta cika yadda doka ta ce ba, an zaunar da wanda bai cancanta ba, an hana ni tafinta ko lauya. Kukan da ya shafi yadda aka haɗa masu shari'a yana da ƙarfi, amma ya fi ƙarfi idan an faɗe shi tun a zauren, aka sa magatakardan kotu ya rubuta. Wanda ya ga maƙiyinsa ko ɗan'uwan mamaci a kujerar shari'a ya yi shiru don kunya, ya wahalar da kansa a gaba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ta fi cin mutanenmu. Kundin 1961 ya ba da kwana 10 kacal domin ɗaukaka ƙara daga ranar da aka yanke hukunci, wa'adin neman soke hukunci kuwa bai ma kai haka ba. Kafin labari ya kai ƙauye, dangi su taru, a sai da tunkiya a sami kuɗin mota, kwana goma sun wuce, ƙofa ta rufe. Alhali furta ɗaukaka ƙara ba ya bukatar a jira kowa: ana yin sa a ofishin magatakardan kotu, wanda ke tsare kuma yana iya faɗa wa shugaban gidan kaso a rubuta. Game da lauya, gaskiya ce yawancinsu a Yamai suke, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin talaka. Amma a shari'ar babban laifi wajibi ne a sa wa mutum mai kare shi, kuma dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ƙasa mai taimaka wa marasa hali a fannin shari'a. Wanda bai tambaya ba, ba zai san da ita ba.

Kada kuma mu dogara ga afuwa. Gaskiya ne tun 1976 ba a zartar da hukuncin kisa a ƙasarmu ba, gaskiya ne kuma afuwa ce ta fid da Sunday Jackson. Amma afuwa jinƙai ne na shugaba, tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa, ba ta kuma wanke suna. Wanda ya kare kansa bisa gaskiya, abin da yake bukata shi ne kotu ta ce ba shi da laifi.

Kira

Ga mahukunta, roƙona uku ne. Duk inda doka ta zaunar da ƴan ƙasa kusa da alƙali, a tsara jerin sunayensu a fili, ya game ƙauyuka da rugage, maza da mata, kada rashin Faransanci ya hana mai hankali da mutunci shiga. A sa tafinta ƙwararre tun daga ofishin jandarma. Ranar da aka yanke hukunci kuma, a gaya wa mutum da harshensa kwana nawa gare shi, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ga sarakuna da masu gari da arɗaɗai, doka ta ba ku sulhu a kan ɓarnar gona da iyaka, dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 kuma sun tanadi hukumomin filaye domin a shata burtali da makiyaya da mashaya. Ku yi wannan aiki tun kafin kaka. Amma idan jini ya zuba, magana ta fi ƙarfin zaure, a kai ta ga hukuma ba tare da ɓoye kowa ba.

Ga ƴan'uwana da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ku ne idon ƙauyukanku. Ku karanta wa jama'a wannan shafi a dandali. Ku gaya musu wanda tsautsayi ya afka wa kada ya gudu ya haye iyaka, gudu kan sa mai gaskiya ya yi kama da mai laifi. Ya kai kansa wurin jandarma, ya nemi likita ya duba raunukansa ya ba shi takarda tun ba su warke ba, ya ambaci duk wanda ya gani ko ya ji, kada ya dangwala yatsa sai an karanta masa. Ku gaya wa dangin mamaci su ma suna da wuri a zauren shari'a, suna da ikon neman diyya, kotu ce hanyarsu. Ku kuma tuna wa kowa cewa rigakafi ya fi magani: wanda ya sami hanyar kauce wa faɗa ya kauce, domin damin gero ana sake noma shi baɗi, saniya ana sake haihuwarta, rai kuwa ba ya dawowa.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci. Amin.